Dala, Dutse da Birnin Kudu: Shaidar Duwatsu a kan Tarihin Ƙasar Gaya

Malaman tarihi na ƙasar Hausa sun saba neman labarin mutanen dā a wuri biyu, watau cikin littattafan da malamai suka bari da Larabci ko da ajami, da kuma bakin tsofaffi da maroƙan fada. Akwai wuri na uku wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne ƙasar kanta, tun ba duwatsun da ke tsaitsaye a cikinta ba. Abin da ake nufi da wannan takarda shi ne a ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Kano, a duba duwatsun da tarihinta ya rataya a kansu, a nuna cewa siffar da ruwa da iska suka ba kowane dutse ita ce ta yanke irin amfanin da mutane suka yi da shi. Wanda ya gane wannan, in ya ziyarci dutse a ƙauye, zai iya karanta shi kamar yadda yake karanta takarda, kāna ya gwada abin da ya gani da abin da aka rubuta da abin da aka faɗa masa.

Ƙasar Gaya da Ajingi

Garin Gaya yana kamar mil 40 gabas da birnin Kano, Ajingi kuwa tana arewa da Gaya kaɗan. Kogin da ya wuce ta Wudil, wanda can gaba ake kira Kogin Haɗeja, shi ne ya kewaye ƙasar ta yamma da arewa, ya nufi Ringim. Tun daga 1991, sa'ad da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, wannan yanki ya zama bakin iyaka, amma kafin nan Gaya da Dutse da Birnin Kudu duk a ƙarƙashin Sarkin Kano suke. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, galibinta jigawa, mai karɓar gero da dawa da gyaɗa da wake, da fadamu nan da can. Matafiyi yakan yi tafiya mai nisa bai ga abin da ya ɗara kuka ko rimi tsawo ba.

Wannan shimfiɗa tana da dalili. A wajen nan ne ƙasa iri biyu suka yi karo. Daga yamma da kudu tsohon dutse yana kusa da fuskar ƙasa, har yakan leƙo waje. Daga gabas da arewa kuwa dutsen ya nutse, rairayi da yumɓu waɗanda ruwa ya kwaso ya zuba cikin kwarin Tafkin Chadi sun binne shi da zurfi. Bayan wannan kuma an yi zamanai na fari mai tsanani, na ƙarshe daga cikin manyansu kamar shekara 20,000 da suka wuce, sa'ad da hamada ta gangaro kudu, iska ta tara rairayi tsibi tsibi. Da damina ta komo, ciyawa da itatuwa suka kama waɗannan tsibi suka tsai da su. Su ne jigayin da muke nomawa yau. Wani masanin labarin ƙasa, A. T. Grove, ya yi bayaninsu a 1958, ya nuna tsohuwar hamada ce da ta taɓa rufe arewacin ƙasar Hausa.

To, abin lura shi ne, ƙasar nan da dutse ya yi wa ƙaranci haka, manyan labaranta na dā da dutse suka haɗu. A yamma akwai Dala, wanda aka ce maƙeran Gaya suka je nema. A gabas akwai Dutse, wanda hanyar da ta fito daga Wudil ta bi ta Gaya take kaiwa gare shi. Kudu da Dutse kuma akwai Birnin Kudu da kogunan dutsenta masu zane. Kafin mu bi su ɗaya ɗaya, ya kamata mu san yadda aka yi suka sami siffarsu, gama ba iri ɗaya ba ne.

Marmara da giranit

Hausa tana kiran Dala dutse, tana kiran na Birnin Kudu dutse, amma duk wanda ya taɓa su da hannu ya san akwai bambanci. Kan Dala da na Goron Dutse marmara ne, ja, mai ramuka kamar saƙar zuma. Ga yadda marmara ke samuwa. A ƙasar da damina da rani ke bin juna, ruwan sama yakan narkar da ƙarfen da ke cikin ƙasa, ya tara shi wuri ɗaya a ƙarƙashi. In zaizaya ta yaye ƙasar da ke bisa, rana ta bugi wannan tarin, sai ya daskare ya zama ɓawo mai tauri. Daga nan ruwa ya ci gaba da cin ƙasar da ke kewaye shekara da shekaru, amma inda ɓawon ya yi kauri sai ya zama kamar malafa, ya tsare abin da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka kan Dala yake a baje kamar faifai. Wanda ya hau ya tsaya a can, a kan tsohuwar fuskar ƙasa yake tsaye, duk filin da birni yake kai kuwa ruwa ne ya rage shi har ya kai inda yake. Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya lura da tuddan nan biyu, ya kimanta tsawonsu kamar ƙafa 200, ya kuma gane dutsen ƙarfe ne gauraye da tsakuwa.

Duwatsun Dutse da na Birnin Kudu kuwa irin wanda masana ke kira giranit ne, watau dutsen da ya narke da zafi can cikin ƙasa, ya huce a hankali, har ƙwayoyinsa suka fito ana ganinsu suna ƙyalli. J. D. Falconer, cikin littafinsa na 1911 a kan duwatsun Nijeriya ta Arewa, shi ne ya raba giranit ɗin ƙasar nan gida biyu, tsoho da sabo. Tsohon ya kai shekara miliyan 600 ko kusa da haka. Sabon kuwa saiwar waɗansu duwatsu ne masu aman wuta waɗanda suka mutu, zaizaya ta cinye kawunansu. Suna jere daga arewa zuwa kudu, ta kan tsaunukan Jos, awon zamani kuma ya nuna na arewa sun girmi na kudu: na Dutse kamar shekara miliyan 213, na Afu, can kusa da Binuwai, kamar miliyan 141. Cikin irin wannan sabon giranit ne ake samun kuza, kamar ta Riruwai da ta Jos.

Giranit ba ya zaizayewa kamar marmara. Sa'ad da yake hucewa, da kuma sa'ad da nauyin ƙasar da ke kansa ya ragu, yakan tsattsage a tsaye da a kwance. Ruwa ya bi tsagogin nan ya ruɓar da dutsen tun yana binne, kusurwoyi su fara lalacewa domin ta fuska uku ake cinsu. In zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, sai a ga manyan ƙwallaye mulmulallu an ɗora wani bisa wani, kamar da gangan aka jera su. A wani wuri kuma dutsen yakan ɓare falle falle kamar albasa, ya bar fa mai santsi. Daga wannan aiki ne ake samun kogo da rumfar dutse, da lungu wanda mutum ɗaya zai iya tsarewa, da kwarmi mai riƙe ruwa har cikin rani, da falle wanda ya zauna bisa ɗan'uwansa da sarari a ƙarƙashi, in an buga shi ya yi ƙara kamar ƙarfe. Marmara kuwa abu ɗaya babba ya bayar, shi ne tama. Mai karatu ya riƙe wannan rabo, gama a kansa sauran maganar take.

Dala da maƙeran Gaya

Sanannen labari ne a Kano cewa waɗansu maƙera sun taso daga Gaya suna neman tama, shugabansu wani mai suna Kano, suka same ta a gindin Dala, suka zauna, garin ya ci sunansa. Zuriyarsu su ne ake kira Abagayawa. Wannan labarin baka ne. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya juya da Turanci a 1908, R. M. East kuma ya fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, da wani mutum dabam ya fara, watau Dala, wanda ya zo ya gina gida a kan dutsen, da Barbushe na zuriyarsa, mai hidimar Tsumburbura. Amma cikin manyan mutanen Barbushe littafin ya ambaci maƙeri, ya kuma ambaci mai haƙar tama da narkar da ita, ya ce shi ne kakan Maguzawa. Ashe ko da hanyoyin biyu suka saɓa a kan wanda ya fara zuwa, sun yarda a kan cewa akwai aikin ƙarfe a Dala tun farkon zama.

A nan ne dutsen ya ba da tasa shaida. An sami wurin narkar da tama a Dala, aka auna gawayin da ke ciki ta hanyar da masana ke gane shekarun abin da ya taɓa rai, awon ya faɗa wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, aka buga shi a 1971. Lissafin Palmer ya sa hawan Bagauda a shekarar 999. Watau an yi shekara 300 ko fiye ana hura wuta ana narkar da tama a Dala kafin sarkin farko na jerin sarakunan Kano.

Sai mu yi hattara da abin da za mu ɗora wa wannan shaida. Gawayi ya tabbatar da aikin, ya tabbatar da zamaninsa, amma ba ya faɗin sunan mai aikin, balle garin da ya fito. Haka kuma shekarun Palmer ƙidaya ce da aka yi da baya, ana haɗa tsawon sarautar kowane sarki, shi kuwa littafin a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello aka kammala shi, wanda ya rasu a 1893, nesa ƙwarai da zamanin Bagauda. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, labarin Abagayawa ya dace da halin ƙasa. Mutumin da ke zaune cikin jigawa yana bukatar fartanya da gatari da kan kibiya, in tamar da ke kusa da shi ta gaza, tilas ya bi inda marmara ya yi kauri, ga kuma kurmi na itacen gawayi da ruwan Jakara kusa. Ya kuma dace da ra'ayin J. E. G. Sutton, wanda ya kawo hujja a 1979 cewa Hausa daga gabas ta bazu zuwa yamma, daga wajen Haɗeja da Daura da Kano. Dacewa kuwa tana ƙara wa labari nauyi, amma ba ta mai da shi tabbas. Malamin da zai koyar da wannan a aji ya kamata ya jera wa almajiransa shaidun daban daban, ya faɗi ƙarfin kowace da iyakarta.

Zumuncin Gaya da Kano bai tsaya a nan ba. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Agalfati Sarkin Gaya a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463. Ya ambaci tawayen Sarkin Gaya Farin Dutse a zamanin Sarki Dadi, 1670 zuwa 1703, wanda ya hana haraji shekara 3 kafin a yaudare shi a kashe. 'Yarsa Mariyama ita ce ta haifi Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, a zamaninsa kuwa mutanen Gaya suka yi ƙarfi a fadar Kano. Gaya ta iya ja da Kano da yawan jama'a da ganuwar ƙasa da ta gina da hannu. Maƙwabtanta na gabas da kudu kuwa sun sami ganuwar da ba su gina ba.

Dutse a matsayin mafaka

A 1970 Abdullahi Smith ya rubuta a kan yadda sarautu suka kafu a ƙasar Hausa, ya jawo hankali ga yawan tsofaffin garuruwan da suka tsiro a gindin duwatsu, kamar Kano a Dala da Zazzau a Kufena da Turunku. Dalilan a fili suke. Ruwan da ya zubo daga dutse yakan jiƙa gindinsa, ƙasar wurin ta yi albarka. Daga bisa ana hango maƙiyi tun yana nesa. Mutanen dā kuma sun ɗauka iskoki a duwatsu suke zaune, saboda haka mai hidimar dutse ya zama mai faɗa a ji.

Tarihin Kano cike yake da misalai. Santolo, dutsen da ke kudu da birni, ya daɗe yana gagarar sarakunan Kano, sai a zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, aka ci shi, bayan zuwan Wangarawa da Musulunci, littafin kuma ya haɗa nasarar da addu'arsu. Murray Last ya bi kufan wannan yanki, ya rubuta a 1979 cewa a zamanin farko akwai zama mai girma a kewayen Santolo da Fangwai wanda ya yi kishi da na Dala. A game da Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, an ce shi ne sarkin da ya fara auren 'yar Sarkin Dutse da 'yar Sarkin Shira da 'yar Sarkin Rano. Mai karatu ya duba garuruwan nan, kowannensu a cikin duwatsu yake. Garin da dawaki ba su iya hawa, aure ya fi yaƙi araha wajen jawo shi.

Dutse, maƙwabciyar Gaya ta gabas, ita ce misali mafi kusa ga mutumin Ajingi. Tsohon garin, wanda ake kira Garu, yana tsakanin duwatsu, ƙwallayen giranit sun kewaye shi, sai ta 'yan mashigai ake isa gare shi. Labarin baka ya ce wani maharbi ne ya fara zama a wurin saboda yawan gada, daga nan aka sami sunan Dutse Gadawur. A zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, Kano ta kai wa Dutse yaƙi mai tsanani, aka kashe mutane da yawa, amma sarkin ya koma bai shiga garin ba. Har cikin ƙarni na 19 wannan hali bai sāke ba. Waɗansu malamai sun tashi daga Tsakuwa ta ƙasar Kano cikin shekarun 1840, a ƙarƙashin Malam Hamza, saboda rigimar haraji, suka shige duwatsun Ningi. Daga can Ningawa suka yi ta kai hari kudanci da gabashin Kano, Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fama da su bai iya tumɓuke su ba. Mazauna fili su ne suka ɗauki nauyin wannan, da gina ganuwa da gudu cikinta. Wanda ya san siffar ƙasa zai gane abin da ya sa hari yake fitowa daga wuri ɗaya yana faɗa wa wani.

Zane da kiɗa a Birnin Kudu

Birnin Kudu tana kamar mil 80 daga Kano a kan tsohuwar hanyar Bauchi da Maiduguri. Kewaye da garin akwai tarin duwatsu masu rumfuna, daga cikinsu Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya bincika su, ya kai labarinsu taron masana tarihin dā na Afirka da aka yi a Livingstone a 1955, ya kuma buga bayani a kan duwatsun kiɗa a 1956. Takardun Turawa sukan kira wannan ganowa. Ga mutanen garin kuwa wuraren sanannu ne masu sunaye, abin da ya zama sabo shi ne rubuta su da auna su.

A jikin rumfunan an zana shanu, da jan launi galibi. Abin da ya fi muhimmanci ga mai tarihi shi ne yawancin shanun nan ba su da tozo. Waɗansu masu dogayen ƙahoni ne, irin da ya ɓace daga ƙasar nan, waɗansu masu gajeru, kamar muturu wanda ya saura a kudu. Shanun da Fulani ke kiwo a ƙasar Kano yau masu tozo ne. Saboda haka zanen ya nuna wani zamani da makiyayan wannan yanki suke da wata irin dukiya dabam, zamanin da babu littafin da ya ba da labarinsa. An sami irin wannan zane a Shira da Geji ta ƙasar Bauchi, duka a cikin rumfunan dutse, gama rumfar ce ta tsare launin daga ruwa da rana. Ba don zaizaya ta fafe dutsen haka ba, da zanen ya wanke tun tuni.

Kusa da zanen akwai duwatsun kiɗa, waɗanda aka bayyana samuwarsu a baya. Ana gane su da 'yan ramuka masu santsi a gefensu, inda aka yi ta bugu da dutsen hannu har wurin ya lotsa, kowane rami da muryarsa. Fagg ya tarar da al'adar kai amare Dutsen Murufu kafin biki su buga dutsen, ya kuma lura da faye masu santsi inda yara ke sulɓi. Bayansa aka yi ta samun duwatsun kiɗa a wurare da yawa na Nijeriya da sauran Afirka har da Turai, matarsa Catherine Fagg ta tattara labarinsu cikin littafi a 1997. Gwamnati ta sa duwatsun nan uku na Birnin Kudu cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, hukumar gidajen kayan tarihi da aka kafa a 1979 ita ke da alhakin tsaronsu.

A lura da yadda rabon nan na farko ya tabbata. A Dala, inda marmara yake, abin da mutanen dā suka bari shi ne kashin maƙera da gawayi. A Dutse da Birnin Kudu, inda giranit yake, sun bar mafaka da zane da ramukan kiɗa. Mai neman tarihi in ya san irin dutsen da ke gabansa, ya san abin da zai nema tun bai fara hawa ba.

Ziyarar dutse da almajirai

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kwalejin horon malamai da ke wannan yanki ba ta da uzurin koyar da labarin Dala da Dutse daga allo kaɗai, gama daga Gaya ko Ajingi ana zuwa Dutse a komo a yini ɗaya. Amma ziyarar da ba ta da shiri yawon buɗe ido ce kurum. Ga abin da ya kamata a kiyaye.

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, sa'ad da ciyawa ta bushe ƙasa ta bayyana. A fara gai da dagaci ko mai unguwa, a roƙe shi dattijo ɗaya ko biyu su yi jagora. A rubuta sunan dutsen yadda mutanen wurin ke faɗa, da sunan kowane kogo da kowane fa, da ma'anar sunan in sun sani, domin sau da yawa suna yakan riƙe abin da labari ya manta. Sa'an nan almajirai su duba ko marmara ne ko giranit, su zana siffarsa, su nemi inda ruwa ke bi da inda yake taruwa. A gindinsa a dubi ƙasa, ko akwai katangar tukwane, da kashin maƙera, da ramukan niƙa, da gurbin dara, da alamar tsohuwar ganuwa. Duk abin da aka gani a rubuta inda yake, a ɗauki hotonsa, a bar shi nan. Katangar da aka ɗauke daga mazauninta ta rasa rabin shaidarta. Zane kuwa kada a taɓa shi, kada a jiƙa shi da ruwa don ya fito, kada a bi shi da alli, kada kowa ya rubuta sunansa kusa da shi. A yi hattara da macizai da zuma a cikin lunguna. In an komo, a ware abin da ido ya gani a shafi ɗaya, abin da dattawa suka faɗa a wani shafi tare da ranar da aka ji shi, kada a gauraya su.

Wani malami yakan ji ƙyamar wannan aiki, yana ganin kamar tono tsafin da aka binne ne. Amsar ita ce malaman Musulunci ne da kansu suka rubuta labarin Barbushe da Tsumburbura, ba su kuwa ga laifi a ciki ba, Alƙur'ani mai girma kuma ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya cikin ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata. Sanin abin da kakanni suka bari shi ne ke nuna girman abin da suka karɓa daga baya.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 gine-gine da hanyoyi suka yawaita, kowane gini kuwa tsakuwa yake ci, daga jikin dutse ake fasa ta. Dala ma gidaje sun matse gindinsa, ruwa yana cin gefensa, ko da yake tun 2007 an gabatar da shi, tare da ganuwar birni da Kasuwar Kurmi da gidan sarki, cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta karɓa. Masu fasa dutse abinci suke nema, ba kuwa mai zarginsu a kan haka, sai dai dutsen da ke da zane ko ramukan kiɗa ya kamata a san shi a keɓe shi, ba a iya keɓe shi kuwa sai an rubuta shi. Littafi in ya lalace ana samun wani kofi a wurin wani malami, falle mai zane in ya shiga injin niƙa ya tafi ke nan. Saboda haka malamin da ya ga irin waɗannan alamu a dutsen da ba a san da shi ba, ya sanar da hakimin ƙasar, ya kuma aika da bayani da hoto zuwa ga ma'aikatan Gidan Makama a Kano. In kowace kwaleji ta ɗauki dutse ɗaya a shekara ta rubuta shi a kan wannan tsari, ba da daɗewa ba za a sami abin da za a gwada Tarihin Kano da shi daga gabas. Allah ya sa mu dace, amin.